Yaron Da Ya Rikice A Dare Na Biyu A Asibiti

Ga wata magana wadda ta kamata iyaye da ma'aikatan asibiti su tsaya su duba da idon basira, gama ta shafi 'ya'yan mutane da yawa, ko da ya ke ba a cika faɗinta a fili ba.

A ce ga yaro ɗan shekara 15, ya faɗi a kan babur ya karye a cinya, aka kawo shi asibiti aka ba shi gado a ɗakin yara. Ranar farko ba abin da ke damunsa sai zafin karaya. Kashegari da dare sai a ga ya soma hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye na zuba alhali ba kuka ya ke yi ba, hanci na yoyo ba mura, tsigar jikinsa ta tashi, gumi ya jiƙe zanen gado sharkaf. Kafin asuba ga amai ga gudawa, yana murƙususu yana cewa ƙasusuwansa za su tsage, har yana ɗaga murya ga mahaifiyarsa da ke jinyarsa. Uwa ta ce iska ce ta shafe shi, kaka ta ce sammu ne, ma'aikaciyar jinya da ta gaji da aikin dare ta ce tsabar rashin kunya ce. Likita kuwa, in bai tsaya ya yi tambaya ba, sai ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro ya wuce. Duk cikinsu ba wanda ya gano bakin zaren. Yaron nan ya yi wata da watanni yana haɗiyar tiramol safe da yamma ba da sanin kowa a gida ba, yau kuwa kwana biyu ke nan karaya ta raba shi da mai sayar masa.

Wannan shi ne abin da za a iya kira ciwon yaye, watau wahalar da ke kama jikin da ya saba da ƙwaya ko giya sa'ad da aka yanke masa ita farat ɗaya. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaya tana danne jijiyoyi, jiki kuwa kullum sai ya ƙara himma domin ya tsaya daidai, har abin ya zame masa ɗabi'a. Kamar mutum biyu ne ke jan igiya, ɗaya ya saki ba zato ba tsammani: ɗayan ba shi da zaɓi sai ya faɗi ta baya. To, faɗuwar nan cuta ce sosai, tana da alamu sanannu, da lokacin farawa, da lokacin ƙarewa, da magani. Wurin da ya cancanta a jinyace ta kuwa shi ne asibiti.

Kada a ɗauka yaran nan tsiraru ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 14.3, daga masu shekara 15 zuwa masu 64, sun taɓa kayan maye cikin shekara guda. Wajen miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, wajen miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari domin maye. Cikin kowane mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce. A ranar 1 ga Mayu, 2018, bayan BBC ta nuna yadda kodin ya ke cin matasa, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi domin haɗa maganin tari. Madalla da wannan hani. Sai dai doka tana rufe kanti ne, ba ta cire sabo daga jikin wanda ya riga ya saba.

Abu na farko da ya kamata kowane mai aikin ɗakin yara ya riƙe shi ne, ciwon yaye ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi ihu ba shi ne ya fi hatsari ba. Na kodin da danginsa ya kan soma tsakanin sa'a 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, ya yi kwana 4 zuwa 10. Azaba ce mai tsanani, amma ba ta cika kisa ba, sai in an bar amai da gudawa sun ƙone ruwan jiki. Na giya da na ƙwayoyin barci, irin su diyazifam da wadda samari ke kira roci, shi ne mai kisa a ɓoye. Mai giya ya kan fara rawar hannu da faɗuwar gaba tun sa'a 6 zuwa 24, jijjiga tana iya kama shi cikin kwana biyun farko, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma hankali na iya gushewa, ya riƙa ganin abin da babu, zuciya na gudu, jiki ya yi zafi rau. Gaskiya ne wannan matsanancin hali ya fi yawa ga manya waɗanda suka daɗe suna sha, amma yaron da ya haɗa giyar leda da ƙwayar barci bai tsira daga gare shi ba. Na ƙwayar barci har ya fi yaudara, gama in mai daɗewa a jiki ce, alamu na iya jinkiri har kwana 7, sa'ad da kowa ya saki jiki.

Tiramol kuwa ta ɗauki hali biyu. Tana aiki irin na kodin, tana kuma taɓa wasu hanyoyin ƙwaƙwalwa waɗanda ke riƙe da natsuwa. Shi ya sa yawanta ke jefa yaro cikin jijjiga, yankewarta kuma, ban da ciwon jiki, ta kan jawo wa wasu firgita da ruɗewa da gane-gane. Wadda hukuma ta yarda da ita mai ƙarfin miligiram 50 ce ko 100, babba ma ba a ba shi fiye da 400 a yini, amma ta bayan fage da ke yawo a tasha da kasuwa har mai 225 akwai. Ga wani tarko kuma: allurar fentazosin da a kan yi wa mai karaya domin kashe zafi tana iya tayar da ciwon yaye nan take a jikin wanda ya saba da dangin kodin. Likitan da bai san abin da yaro ke sha ba, sai ya ƙara masa wahala da hannunsa yana tsammanin taimako ya ke yi.

Saboda haka tambaya ita ce rabin magani, amma fa tambaya tana da ladabi. Ba yaron da zai amsa shan ƙwaya ubansa na tsaye a kansa, da mutanen gado na kusa sun baza kunne. Likita mai hikima ya kan ce, "Baba, a ɗan ba mu wuri zan duba shi," sa'an nan ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya ya ce, "Samari, ba ɗan sanda ba ne ni. Me ka ke sha, nawa a rana, yaushe ka sha na ƙarshe? In ban sani ba, zan iya ba ka abin da zai cuce ka." A asibitin yara na birnin Bostan a Amurka an tsara wasu tambayoyi shida gajeru saboda wannan aiki, ana yi wa matasa su ba tare da an zaɓi wane an bar wane ba. Hikimar yi wa kowa ita ce, ba wanda zai ji an tsargu da shi. Ɗan malam da ɗan attajiri da yarinya mai lulluɓi har ƙasa, duk a tambaye su. Iyaye kuma da suka san wani abu, su tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In an gano, sai awo. Likitoci suna da takardar lissafi ta alamu 11 domin masu yaye daga dangin kodin: bugun zuciya, gumi, faɗin ƙwayar ido, hamma, rawar jiki da sauransu, kowace da makinta. Akwai wata mai alamu 10 domin masu giya. Manya aka tsara wa su, likitocin yara aro su ke yi, amma aron ya fi ƙiyasi. Takarda ce da alƙalami da agogo, ba ta bukatar wata na'ura mai tsada, kuma ma'aikaciyar jinya tana iya koyonta a yini guda. Mai giya a ba shi diyazifam gwargwadon makinsa, da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa, a sa masa ido dare da rana. Mai ƙwayar barci a riƙa rage masa sannu sannu cikin makonni. Mai kodin ko tiramol a tsare masa ruwan jiki, da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa, a ba shi maganin amai da na gudawa da na ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma magani mai suna bufurenofin wanda ke kwantar da ciwon ya kuma rage ƙishin ƙwayar. A Amurka an yarda a ba da shi tun daga shekara 16, kuma a 2016 ƙungiyar likitocin yara ta can ta yi kira ga 'ya'yanta su daina hana matasa irin wannan magani. Ba kowane asibiti ke da shi a nan ba, wannan kuwa tambaya ce da ta kamata a yi wa masu sayen magungunan gwamnati.

Nan ne wani dattijo zai ɗaga gira ya ce, yaya za a yi maganin ƙwaya da ƙwaya? A bar shi ya sha wuya, gobe ba zai ƙara ba. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka abin ya ke ba. Wuya ba ta koya wa mai ciwon yaye tuba, gudu ta ke koya masa. Yaron da aka bari yana birgima zai cire allurar ƙarin ruwa ya tsallake katanga, ko abokinsa ya kawo masa ƙwaya cikin burodi a lokacin ziyara. Malamai kuwa sun sani haramcin giya kansa bai sauka dare ɗaya ba, daki daki ya zo, a Baƙara, sa'an nan Nisa'i, kana Ma'ida. Ba fatawa a ke cirowa daga nan ba, wannan aikin masu shi ne, amma mai hankali zai ga yadda aka lura da nauyin sabo a kan ɗan Adam.

Wanda bai gamsu ba ya tuna watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. Iyaye da dama da kansu suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje, ba don ƙiyayya ba, sai don sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Sarƙa ba ta tsayar da jijjiga, bulala ba ta mayar da ruwan da gudawa ta kwashe. A farkon 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba maras lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Amma muddin asibiti na korar yaran nan, gidan mari ba zai rasa baƙi ba.

Korar kuwa da ladabi a ke yinta. Ɗakin yara ya ce wannan ya yi girma, ga gemu na tsiro masa, zai firgita jarirai. Ɗakin manya ya ce yaro ne. Daga nan sai a rubuta takarda a ce a kai shi Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, ko Maiduguri. Asibitocin ƙwaƙwalwan nan suna da gwanaye, ba shakka, amma yaro mai karyayyar cinya ko mai taifot ba zai bar ƙafarsa ko hanjinsa a nan ya tafi da kansa can ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ware gado biyu ko uku a gefe guda saboda matasa, maza daban mata daban, likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa zuwa yana duba su inda su ke.

Masu amosanin jini, watau sikila, suna da nasu kaso na musamman cikin wannan magana. Wasunsu a asibiti suka fara sanin fentazosin, ciwo ya sa aka yi ta yi musu har jiki ya saba, suka koma yi wa kansu a gida, cinyoyi da damatsa suka cika da gyambo. Laifi biyu a kan yi musu: a ƙi lura da sabon, ko kuwa in an lura a hana su maganin zafi ɗungum, a ce ƙarya su ke yi. Ciwon sikila gaskiya ne ko a jikin wanda ya saba da allura. Hakkinsa ne a kashe masa zafi, a kuma yi masa tsarin yaye, duka biyu a hannun likita ɗaya.

Ranar sallama ma tsugune ba ta ƙare ba, hasali ma nan ne hatsari ya fi girma. Jikin da ya yi kwana goma ba ƙwaya ya rasa juriyar da ya ke da ita. In yaro ya koma unguwa ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa cikin barci. Tilas ne a faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro, a faɗa wa mahaifinsa da mahaifiyarsa, a nuna musu alamun: barcin da ba a iya tashinsa, numfashi sama sama, leɓɓa sun canja launi. Akwai allura mai suna nalokson wadda ke farfaɗo da mai irin wannan hali cikin 'yan mintoci, ya kamata ta kasance a kowane ɗakin taimakon gaggawa. Kada kuma a sallami yaro da "Allah ya shirya" kaɗai. A rubuta masa ranar dawowa cikin mako guda, da sunan ɗakin da zai je, a kuma san wane ne cikin danginsa zai riƙo hannunsa ya kawo shi.