Makomar Tsohon Doki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Kano ranar Hawan Daushe ya ga doki a ranar darajarsa: an ɗaura masa sirdi da jalala, an ƙawata kansa, maroƙa na yi wa mai shi kirari. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, aka yi ta murna. Amma akwai tambaya guda da ba kasafai ake yin ta ba, watau ina dokin nan yake zuwa idan ƙafarsa ta fara rauni, bayansa ya lotsa, mai shi kuma ya ƙyalla ido ya ga wani ingarma?

Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30 idan ya sami kulawa, alhali ƙarfinsa na sukuwa da jafi yakan ragu tun kafin nan da nisa. Ke nan akwai shekaru masu yawa da zai ci harawa da dusa da gero, ya sha kanwa, ba tare da ya fita hawa ba. A nan ne ake gane mai son doki da mai son a gan shi bisa doki. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira dillali, ranar Alhamis a kai shi kasuwar Maigatari, a karɓi abin da ya samu. Mai doki ba ya tambayar wanda ya saya, don ya riga ya san amsar da ba ya son ji: da yawa daga cikin tsofaffin dawakin da ke barin kasuwannin Arewa a babbar mota ake loda su zuwa kudu, irin su Obollo-Afor ta Jihar Inugu, inda ake yanka doki. Mutanen can ba su yi laifi ba, abincinsu ne. Abin dubawa shi ne Bahaushe, wanda ba ya cin naman doki, wanda kuma ya yi shekara goma yana kiran dabbar nan da sunan da ya raɗa mata, ya yarda ta yi kwanaki a tsaye cikin mota da ƙishirwa saboda kuɗin da ba zai sayi rabin sabon doki ba.

Ba a ce kowa ya riƙe tsohon dokinsa har ya mutu a turke ba. Abincin doki ya yi tsada, bargar gidajen birni kuma ta ƙuntata. Amma tsakanin riƙewa da jefarwa akwai fili. Tsohon doki mai haƙuri shi ya fi dacewa da yaro mai koyon hawa, domin ya saba da kalangu da ƙarar bindiga, ba ya firgita. Dagaci a ƙauye, mai karan dawa da harawar wake a rumbu, zai karɓe shi da murna don zagayen gona da hawan angwanci. Sharaɗin dai shi ne mai bayarwa ya je da ƙafarsa ya ga turken da za a ɗaure shi, ya faɗi aibinsa ba ɓoye-ɓoye, sa'an nan a yi alkawari gaban shaidu cewa in ya gagari sabon mai shi, gida za a maido shi, kada a kai shi kasuwa. Kyautar doki tsohuwar al'adar sarakuna ce. Ba abin kunya ba ne attajiri ya bi sawunsu.

Sai an gama wannan ya kamata a shiga neman magaji, a nan ma ana yawan kuskure. Ido yakan tafi ga launi: wannan yana son akawal, wancan sai kili, wani kuwa ya rantse sai hurde. Launi ba ya ɗaukar mutum daga Ƙofar Kudu zuwa Nasarawa. Haƙori ya kamata a fara dubawa, domin doki yana fara zubar da haƙoran nono na gaba yana da shekara biyu da rabi, bakinsa kuma yana cika wajen shekara biyar. Wanda ya san wannan, dillali ba zai sayar masa da tsoho da sunan matashi ba. Daga nan sai kofato da gwiwa, sai a sa shi ya yi tafiya da sassarfa a ƙasa mai tauri, a saurari numfashinsa bayan ya yi gudu, in da hali likitan dabbobi ya gan shi kafin a biya.

Akwai kuma sha'awar dawakin waje, musamman na Ajantina da 'yan wasan folo ke shigowa da su. Suna da kyau da sauri, amma an horar da su ne don fili da ƙwallo, kuma zafin bazara da cututtukan ƙasar nan sun fi wahalar da su. Magidancin da zai hau sau biyu a shekara cikin cunkoson jama'a ya fi buƙatar dokin ƙasa, ɗan Arewa ko ɗan Barno, wanda ya tashi da wannan rana da wannan ciyawa, wanda kuma yaron barga zai iya riƙe ragamarsa da hannu ɗaya.