Asibitin Tarayya na Kafanchan da 'yantar da matasa daga ƙangin ƙwaya

A shekarar 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya amince da mayar da Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, abin da al'ummar Kudancin Kaduna suka daɗe suna nema. Ragowar aikin yanzu yana kan teburan Abuja, inda ake tsara kasafi da guraben aiki da sassan da asibitin zai ƙunsa. A ra'ayin wannan jarida, wajibi ne sashen kula da masu fama da jarabar ƙwaya da taɓuwar ƙwaƙwalwa ya shiga sahun farko na abin da za a ware wa kuɗi.

Alƙaluma sun isa hujja. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Daga cikinsu, miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tramadol suka sha ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ke nan babban kaso na wannan annoba daga kantin magani yake fitowa, cikin kwali mai tambari.

A yankin manoma irin Jema'a da Jaba da Kachia da Kagarko, inda citta ce ƙashin bayan tattalin arziki, sau da yawa ƙwaya kan shigo ne da sunan taimako. Ɗan ƙwadago a gona ko ɗan acaɓa kan haɗiyi tramadol don kada ya ji gajiya. Jiki kuwa sabawa yake yi, sai ƙwaya ɗaya ta daina gamsar da shi ya nemi biyu. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma masu fasa-ƙwauri na shigo da mai 200 da 225, wanda yawansa kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ranar da mai sha ya yi niyyar dainawa, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci su taso masa, ya koma ba don yana so ba. Cutar da ta halaka gonakin citta a daminar 2023 ta bar iyalai da yawa cikin bashi da zullumi, kuma a irin wannan yanayi ne dillalan ƙwaya ke cin kasuwa.

Gwamnati ta gwada hani. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta watsa, aka haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin. Hukumar NDLEA, ƙarƙashin Janar Buba Marwa tun 2021, tana ta kame da ƙone kayan maye. Duk wannan abin yabo ne, sai dai wanda jarabar ta riga ta kama ba ya warkewa don an rufe kanti. Wani abin maye zai nema, mai yiwuwa wanda ya fi na farko muni. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ga uwar da ke Kwoi ko Zonkwa da ɗanta ya kamu, Asibitin Tarayya na masu taɓuwar ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna tafiyar sa'o'i ce da kuɗin mota mai nauyi. Da yawa kan haƙura, wasu kuma su miƙa 'ya'yansu gidajen mari, irin waɗanda samamen 'yan sanda a Rigasa a 2019 ya tona wa duniya abin da ke cikinsu.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Tun da farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, musamman bayan kamfanin GSK ya sanar a 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, masu tallar jiƙo da gari a tasha da kuma Facebook da TikTok suka samu bakin cewa maganin asibiti bauta ce. Mai hawan jini ko ciwon suga ko cuta mai karya garkuwar jiki da ya ajiye maganinsa saboda wannan zance, ransa ya sa a caca. 'Yancin da muke nufi shi ne mutum ya san abin da yake haɗiya, ya san wanda ya rubuta masa da ranar da zai daina ko dalilin da ba zai daina ba.

Haka ma'aunin yake ga wayar hannu. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun 1927, kuma a unguwar Bayan Loko ne Gidauniyar Fantsuam ta kai intanet da koyar da kwamfuta ga mutanen karkara tun kafin waya ta game gari. Wannan fasaha ce da ta yi wa jama'a hidima. Amma wayar nan ce kuma take ɗauke da manhajojin cacar ƙwallo da na bashin gaggawa, waɗanda ke cinye kuɗin makarantar ɗalibi da albashin ma'aikaci. Likitocin ƙwaƙwalwa sun ɗauki jarabar caca cuta ce mai buƙatar jinya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2024 cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, don haka Gwamnatin Jihar Kaduna ba ta da uzurin jiran Abuja.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta sanya wa sashen nan layin kasafi na kansa, da gadajen kwantar da marasa lafiya maza da mata, da guraben likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta ba da madogara. Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma da ke Kafanchan na iya samar da ma'aikata, cibiyoyin lafiya na matakin farko kuma su riƙa tantancewa suna turowa. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta tabbatar kuɗin jinyar bai gagari talaka ba, hukumar kula da harhaɗa magunguna kuma ta tsananta sa ido kan kantunan da ke sayar da abin da lasisinsu bai ba su dama ba. Malaman coci da na masallaci su taimaka wajen cire wa iyaye kunyar kai 'ya'yansu asibiti.

Ga ma'aikata da hadiman da takardun wannan asibiti za su bi ta hannunsu, muna tunatar da su cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Sashen da bai shiga kasafin farko ba kan yi shekaru yana jiran alƙawari, kuma a cikin shekarun nan wasu matasan Kudancin Kaduna ba za su kai ga ganin an buɗe shi ba.