Adireshin Imel Na Dindindin: Gidan Da Ke Bin Mai Shi Cin Rani

Tun fil azal, da zarar an kammala girbi, matasan ƙasar Rano da Kibiya kan bazama cin rani zuwa birnin Kano, ko Kaduna, ko Legas. A da, wasiƙar irin waɗannan mutane takan sauka ne a akwatin gidan waya na makarantar firamare ko na ofishin ƙaramar hukuma, ta yi ta jira har mai ita ya komo da damina. Sau da yawa kafin a buɗe ta, ranar jarrabawar neman aikin da ta ƙunsa ta wuce.

Wasiƙar imel ta yi maganin wannan matsala, amma fa ga wanda ya fahimci yadda take aiki. Saƙon imel ba a cikin wayar hannu yake zaune ba. Yana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ya ba da adireshin, kamar yadda hatsi ke ajiye a rumbu. Adireshin shi ne sunan rumbun, kalmar sirri kuwa ita ce mabuɗi. Tun da Hotmail ya ɓullo a 1996, Yahoo Mail a 1997, Gmail kuma a 2004, duk mai riƙe da mabuɗinsa na iya karanta wasiƙarsa ta kowace waya ko kwamfuta mai intanet, ko a kasuwar Kibiya yake ko a Agege.

To, sai dai kash, ɗalibai da yawa kan sakar wa mai shagon intanet wannan mabuɗi. Idan lokacin rajistar JAMB ya zo, mai shago ne zai buɗe wa yaro adireshi cikin gaggawa, ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa shi kansa. Badi yaron ya manta, sai a buɗe masa sabo. Alhali kuwa wancan na farko shi ne ke ɗaure da bayanansa a hukumar jarrabawar, kuma zai buƙaci imel wajen rajistar jami'a, da neman tallafin karatu, da yi wa ƙasa hidima. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce ai lambar waya da WhatsApp sun wadatar. Haƙiƙa sun wadatar wajen gaisuwa da ciniki, amma waya takan faɗi ko a sace ta, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya mayar da shi kasuwa ya sayar wa wani. Shi ma imel ɗin yana son kulawa. Alal misali, daga watan Disamba na 2023 kamfanin Google ya soma aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar share asusun da ya shekara biyu ba a leƙa shi ba.

Akwai darasi a rayuwar shamuwa. Takan yi ƙaura zuwa kudancin Afirka da rani, amma da damina ta kawo kai sai ga ta a garuruwan ƙasar Hausa ta dawo sheƙa. Tafiya ba ta raba ta da mazauni. Haka ya kamata matashi ya kasance: adireshi ɗaya mai ɗauke da sunansa na gaskiya, wanda ya buɗe da hannunsa, ya ɗaura shi da layin da aka yi wa rajista da lambarsa ta NIN. Ya rubuta kalmar sirri ya adana a gida tare da takardun shaidar karatunsa. Idan ya ari wayar wani ya duba saƙo, to lallai ya fita daga asusun kafin ya mayar.

Daga ƙarshe, nauyin wannan aiki na wuyan makarantun sakandare na Rano da Kibiya. Darasi guda kafin ɗaliban ajin ƙarshe su fita ya isa kowannensu ya mallaki adireshin da zai bi shi duk inda neman ilimi ko abinci ya kai shi. Allah Ya sa a gyara.