Leburan Bakolori Ma Yana Da Tarihi

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun zai sami jerin sunayen sarakuna, da wanda ya gaji wane, da shekarun da kowannensu ya yi bisa karaga. In ya wuce Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna, zai tarar da rahotannin Di'o-Di'o da lissafin haraji da jangali. Amma mutumin da ya biya harajin nan, ya noma audugar da aka kai Gusau, bai shiga takardun ba sai a matsayin lamba. Abin takaici kuwa shi ne, ko a gidansa ma jikokinsa da suka yi boko sun fi sanin shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa a kan shekarar da kakansu ya yi aure.

A ɗauki misalin wanda aka haifa a Jangebe wajen 1950. Ya tashi yana noman gero da dawa a gandun ubansa, da kaka ta wuce kuma ya tafi cin rani. A 1973 ya ga an sauya fam da sule zuwa naira da kwabo, ya kuma sha wuyar farin da ya addabi Arewa a shekarar. A 1974 sai kamfanin Impresit na Italiya ya soma gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, samari irinsa suka yi ta tururuwa neman aikin leburanci. Ga da yawansu, ran nan ne suka fara sanin albashi. Wani ya sayi keke, wani rediyo, wani ya yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano. Da aka gama ginin a 1978, aikin ya ja baya, kowa ya koma ya nemi abin yi. Shekaru huɗun nan sun sauya gidaje masu yawa, alhali kuwa abin da aka fi rubutawa game da su shi ne tsawon madatsar da yawan ruwan da take riƙewa.

Kada a ɗauka rashin rubutun nan ƙaramar asara ce. 'Yan'uwan leburan nan da ke da gonaki inda ruwa ya ci, ko inda aka baje domin noman rani, su suka ɗanɗana kuɗarsa. Manyan motoci sun share iyakokin gonaki, an sare ɗorawa da kaɗanya da tsamiya waɗanda a dā su ne shaidar inda gonar wane ta tsaya, waɗansu manoma kuma suka yi damina fiye da ɗaya ba su shuka kome ba. Da aka zo maganar diyya, manomi ba shi da takarda, sai abin da ke kansa da bakin dattawan unguwa. Ma'aikaci kuwa yana da littafi, kuma abin da ke cikin littafin shi hukuma ta sani. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman hakkinsu, har a watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, 'yan hamayya suka ce 386. Fiye da shekara 40 ke nan ba a daidaita a kan adadi ɗaya ba, ga shi kuwa kowane mamaci a cikinsu yana da suna da gida da magada waɗanda suka san ranar da bai dawo ba.

Wani zai ce ai wannan aikin masu ƙoshi ne, mutanen da ke fama da 'yan bindiga ina suka ga sukunin tarihi? Amsar ita ce rashin zaman lafiyar ne ma ya sa abin ya zama na gaggawa. Ƙauyen da aka tayar, dattawansa suka watse zuwa Gusau da Sakkwato, ya tafi da labarinsa ke nan. Kuma duniya ba ta san sunan Jangebe ba sai ran 26 ga Fabrairu, 2021, da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren garin. Ba daidai ba ne a ce wannan dare ɗaya shi ne dukan abin da za a tuna da gari, a manta da tsarar kakannin yaran, waɗanda guminsu ya tsayar da madatsar.

Abin kuma ba gagara-badau ba ne. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954. Baba ba 'yar sarki ba ce, amma har yau malaman jami'o'i na komawa ga littafin nan in suna son sanin zaman gida da aure da bauta a ƙasar Hausa. Abin da baƙuwa ta yi da alƙalami, ɗan gida da ke da wayar ɗaukar murya a aljihu ba shi da hujjar kasawa.

Saboda haka kamata ya yi malaman Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa ba ɗalibai wannan aiki a lokacin hutu. Ɗalibi ya zauna da kakansa ya tambaye shi nawa aka fara biyansa, wane ne helumansu, me ya yi da kuɗin, ina gonar gidansu take kafin ruwa. Sai dai a kiyaye, tarihi ba kirari ba ne. In tsoho ya ce bashi ya sa ya sayar da gona, ko kuɗin diyya ya raba shi da ƙanensa, a rubuta hakanan, da izininsa. Kada kuma a manta da matarsa, wadda sau da yawa ta fi shi riƙe lissafin shekaru da haihuwa da rasuwa.

Su kuwa ma'aikatan gwamnati, nasu nauyin daban ne. Duk wani littafin albashi ko rajistar diyya da ya rage a ofisoshin Hukumar Raya Kogin Sakkwato da Rima, ko na ƙananan hukumomi, bai kamata a bar wa gara ba. A tattara, a ɗauki hotonsu, a miƙa kwafi ga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna, inda ɗalibi zai iya gwada abin da kakansa ya faɗa da abin da akawu ya rubuta. Saurayin da ya ɗauki shebur a Bakolori a 1974 yana ɗan shekara 24, in yana raye, yau ya haura saba'in.