Tsohuwar bindigar 22: abin da ke hana ta tashi, da abin da ke sa ta shaƙe

Kowace shekara, da zarar an gama yankan hatsi an cika rumbuna, iskar hunturu kuma ta soma kaɗawa, akan ga tsoffin bindigogi suna fitowa daga ƙarƙashin gado da bayan akwati a gundumomin Tasawa da Mayahi. Daga cikinsu akwai ƴar siririyar nan da ake kira bindigar 22, wadda ake halbin hasbiya da fakara da zabin dawa da zomo da ita a bakin Gulbin Kaba da dazuzzukan da ke kewaye. Ba kasafai ake ganinta ga mahalban gado ba, su da adaka suka saba. An fi samunta hannun ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, kuma da yawansu gadonta suka yi ga uba ko kawu. Kukan masu ita bai wuce biyu ba: a ja kunama ta ƙi tashi, ko kuwa ta tashi sau ɗaya ta shaƙe. Duka biyun suna da dalili, kuma duka biyun suna iya raba mutum da ido ko da ransa idan aka yi musu garaje.

Asalinta da yadda take aiki

Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, shi ya ƙago harsashin da ake bugu a gefen gindi a shekarar 1845. Samfurin da aka fi sani yau, wato 22 Long Rifle, kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887. Kaurin dalmarsa wajen milimita 5,6 ne, nauyinta kuma wajen giram 2,6. Bambancinsa da harsashin soja shi ne ba ya da hular wuta a tsakiyar gindi. Maganin da ke kunna albarushi a cikin leɓen kwanso aka zuba shi, ya kewaye gindin kamar zobe. Sai allurar bindiga ta matse leɓen nan da ƙarfi a jikin bakin ɗakin harsashi kafin wuta ta tashi.

Bindigogin 22 masu ɗura kansu iri-iri ne. Akwai Browning da aka soma ƙerawa a Herstal ta ƙasar Beljik a 1914, akwai Reina ta kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne, akwai Gévarm ita ma ta Faransa, sa'annan na Amurka kamar Marlin 60 ta 1960 da Ruger 10/22 ta 1964. Tsohuwar masana'antar Manufrance ta rufe tun 1985, saboda haka kayan gyaran wasu samfurori sun yi wuyar samu.

Aikinsu kusan ɗaya ne. Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kai da komowa a bayan harsashi, wanda Faransawa ke kira culasse. Ba kulle gare shi ba. Nauyinsa da murɗaɗɗiyar wayar da ke bayansa, wadda kanikawa ke kira rasor, su kaɗai ke riƙe shi. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin hayaƙinsa ne ke tura ƙarfen baya, kwanso ya fice, a ɗana guduma, sa'annan rasor ya maido da ƙarfen gaba yana tura sabon harsashi. Ƙarfin harsashin 22 kaɗan ne, daidai aikin aka auna shi. Don haka datti kaɗan, ko harsashi mai rauni, ya isa ya tsaida komai.

Kafin a taɓa komai

Idan aka ja kunama ba a ji ƙara ba, kada a juyo da bindiga, kada a leƙa bakinta. A bar ta tana duban inda aka auna, a ƙirga daƙiƙa 30, domin tsohon harsashi yakan yi jinkiri sa'annan ya tashi. Bayan haka a zare gidan harsashi, a ja ƙarfen baya, a duba ɗakin da ido. Zare gidan harsashi kaɗai bai isa ba, guda yana iya saura a ciki. Samfurin Browning kuwa a cikin kututturen gindi yake ajiye harsasai cikin wani bututu, kuma guda yakan liƙe can ya sauko daga baya. Ita Gévarm sha'aninta dabam ne: idan aka ga ƙarfenta a buɗe ya tsaya baya, to a ɗane take, jan kunama kawai take jira. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka babu haɗari.

Haka kuma idan ƙarar ta fito sanyi-sanyi ba kamar yadda aka saba ba, kada a ƙara halbi. Mai yiwuwa dalmar ba ta fita ba, tana tsakiyar bututu. Wanda ya bi ta da wani harsashi zai kumbura bututun, ko kwanso ya fashe masa a fuska. A sauke bindigar, a duba bututun ta baya a gaban haske.

Idan ta ƙi tashi

Kwanson da ya ƙi tashi shi ne babban mashaidi. A dubi gindinsa. Idan shaidar allura ta shiga sosai, daidai da ta kwanson da suka tashi, laifin na harsashi ne. Ko dai maganin wuta bai kewaye leɓen duka ba tun daga masana'anta, ko kuwa ajiya ta lalata shi. Dalmar harsashin 22 ba a matse take ƙwarai a bakin kwanso ba, shi ya sa laima da mai ke iya kutsawa ciki. Kwalin da ya yi damina uku a ɗakin ƙasa, ko wanda ya sha zafin Afirilu da Mayu a cikin mota ko a kanti mai rufin kwano, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba abin dogaro ba ne. Gwajin mai sauƙi ne: a samo sabon kwali, na wani kamfani dabam, a gwada. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, ba a kashe ko dala wajen gyara ba.

Idan kuwa shaidar allura sama-sama ce, ko babu ita sam, laifin na bindiga ne, kuma abubuwa huɗu ake bi daki-daki. Na farko, hanyar allura ta toshe da tsohon mai da toka, allurar ba ta gudu. Na biyu, ɗakin harsashi ya yi datti, harsashin bai zauna daram ba, sai bugun allura ya ƙare wajen tura shi ciki maimakon matse leɓensa. Na uku, datti ya taru a fuskar ƙarfen mai kai da komowa, ya hana shi rufewa ruf. Wannan ya fi sauran haɗari, domin harsashi na iya tashi alhali gindinsa na waje, tarkacen tagulla su watsu. Na huɗu, bakin allura ya cinye, ko rasor ɗin guduma ya gaji. Ukun farko wanki ke maganinsu. Na huɗun sai an sake ƙarfe.

Akwai wata ɗabi'a da ke kashe bindigar 22 a hankali, wato jan kunama babu harsashi. A yawancin tsoffin samfurori, allurar da ba ta tarar da tagulla ba sai ta sari bakin ɗakin harsashi, ƙarfe da ƙarfe. Yau da gobe wurin ya lotsa, leɓen kwanso ya rasa abin da zai jingina, ƙaya kuma ta fito tana kama kwanso. Yaran gida da baƙi masu son gwada kunama su ne suka fi jawo wannan.

Idan ta shaƙe

Shaƙewa iri uku ce, kuma kowace da gurbinta. Ta farko, harsashi ya ƙi shiga: ya karkace, ko kansa ya tokari bakin ɗaki. A nan gidan harsashi ake fara tuhuma. Leɓunansa biyu sukan buɗe ko su lanƙwashe idan ya faɗi ƙasa, rasor ɗinsa yakan mutu, cikinsa kuma yakan cika da rairayi da kakin da ake shafa wa dalma, wanda zafi ke narkarwa. Idan akwai wani gidan na biyu a gwada shi. In matsalar ta gushe, an gano mai laifi.

Ta biyu, kwanso ya ƙi fita daga ɗaki. Dalilin ko dai ƴar ƙugiyar da ke fizgo shi ta cinye ko datti ya cika gurbinta, ko kuwa ɗakin ya yi zobe. Zoben nan yakan fito idan an daɗe ana amfani da gajeren harsashi, wato 22 Short, a bindigar da aka ƙera don dogo: toka da dalma su daskare daidai inda gajeren kwanso ke ƙarewa, su riƙe dogon. Ba a ƙwaƙulo kwanso da bakin wuƙa ko ƙusa, domin karce guda a ɗakin harsashi ba ya gogewa. Ana tura shi ne da sandar wanki ta bakin bututu, bayan an tabbata kwanson wofi ne.

Ta uku, kwanso ya fito amma ya tsaya a ƙofa, ƙarfen ya datse shi. Wannan alama ce ta cewa ƙarfen bai kai baya sosai ba. Harsashin 22 na yau da kullum yana fita da gudun wajen mita 330 a daƙiƙa, mai saurin kuma wajen mita 380. Bindigogi masu ɗura kansu da dama sun fi jituwa da mai saurin, musamman in sun yi datti. Amma harsasai masu wuce wannan ƙarfi ba su dace da tsohuwar bindiga ba, suna dukan ƙarfen fiye da yadda aka shirya masa.

Ƙura da mai da zanzaro

Babban abokin gabar bindiga a wannan yanki shi ne auren ƙurar hunturu da mai. Mutane da dama sun ɗauka yawan mai shi ne kulawa, sai su tsiyaya baƙin man mota, ko man gyaɗa, ko man shanu. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama ƙaro, baƙin mai kuma yana kama ƙura ya zama kwaɓi mai cin ƙarfe. Abin da ya dace shi ne a wanke sassan ƙarfe da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge su bushe, a ɗiga man bindiga ko man keken ɗinki kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, sa'annan a share rarar. Hanyar allura da ɗakin harsashi da cikin gidan harsashi a bushe ake barinsu.

Bindigar da ta yi watanni a jingine kuwa, sai an duba bututunta kafin a fita da ita. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu, bakin bindiga ma bai bari ba. Wasu sukan toshe bakin da tsumma don hana ƙura, su manta. Laka ko tsumma, duka toshiya ce.

Inda ilmin mai gida ya ƙare

Akwai alamun da idan sun bayyana, ajiye bindiga ya zama dole: ta saki harsashi biyu ko uku a ja guda, ko ta tashi lokacin da ake rufe ta, ko maɓallin tsaronta ya daina riƙe kunama, ko kwansonta ya riƙa fitowa a kumbure ko a tsage. Waɗannan aikin gwani ne wanda ya san wannan irin bindiga kuma hukuma ta san da shi. Maƙeran Tasawa da Mayahi sun iya ƙarfe, amma sassan kunamar 22 da ƙasa da kaurin farce ake auna su. Wanda ya sa musu zarto don kunama ta yi laushi, ko ya miƙe rasor da hannu, ko ya feƙe ƙusa ya mai da ita allura, gyaran gangar Abzinawa ya yi. Idan kayan gyara sun ɓace daga kasuwa, babu abin kunya mutum ya yarda cewa bindigar ta gama aikinta.

Ƙanƙantar harsashin nan ita ke ruɗin mutane. Yana iya tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle idan ya bugi dutse ko ruwa ko busasshiyar ƙasa. Ƙasar Tasawa da Mayahi shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki sun haɗe da juna, bayan girbi kuma makiyaya suna saukowa da dabbobinsu cikin kara. Gwajin bindiga a bayan gida ko halbin tsuntsu a kan gawo ba tare da sanin abin da ke bayansa ba, ganganci ne. Wurin gwaji shi ne gaban tudun rairayi, nesa da gari.

Takardu

A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma izinin na mutum ne, ba ya bin gado kamar gona. Wanda ya gaji bindiga sai ya nemi nasa. Farauta kuma da tata takardar, bisa dokar 98-07 ta ranar 29 ga Afirilu 1998, wadda ta tsara halbi da kare namun daji. Ma'aikatan gandun daji su ke faɗin lokacin da aka buɗe da dabbobin da aka hana. Tun 1994 ƙasar ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa ka'ida, wato CNCCAI. Tun da ƴan bindiga suka addabi kudancin jahar Maraɗi, dubban mutane kuma suka tsallako daga Najeriya neman mafaka a 2019, mai ɗauke da bindiga babu takarda yana jawo wa kansa tuhumar da ta fi ƙarfinsa.

Saboda haka, mai bindigar 22 ya ware ta da harsasanta, kowanne a kulle inda hannun yaro ba ya kai. Harsasan da suka ƙi tashi kada a watsa su a juji, inda ake cinna wuta kuma yara ke tone-tone. A tara su a miƙa wa jandarma. Bindigar da ta gagari gyara, ko wadda mai ita ya rasu ba a sake mata takarda ba, ita ma can ya kamata a kai ta.