Zancen Wata: Sojan Laima

 

Ran kasuwa, a nan Madarunfa, wani dattijo ya tsaida ni. Ɗansa ya shiga soja. Yaron ya aiko yana neman izini, wai yana son zama sojan laima, waɗanda ake ce ma para. Tsohon ya ce: "Malam, mutum da hankalinsa ya faɗo daga jirgin sama? Kai da ka yi boko, gaya mini." To ga abin da na gaya masa.

Laimar yadi ce mai faɗi da igiyoyi da yawa. Ana naɗe ta cikin jaka, soja ya goya. Akwai igiya guda da ake maƙalawa jikin wata waya cikin jirgi. In soja ya diro, igiyar ta fizge bakin jakar, laima ta buɗe, iska ta cika ta, ya sauko sannu. Akwai wata laima a ƙirjinsa, don ko ta farko ta ƙi buɗewa. Sau da yawa ba shi ke naɗe laimarsa ba, akwai masu wannan aiki. Ke nan ransa yana hannun Allah, yana kuma hannun ɗan uwansa soja.

Aikin ya yi suna a yaƙin duniya na biyu, yaƙin Hitila. Kafin asubahin 6 ga Yuni 1944, sojan laima na Amurka wajen 13,000 suka dira a Normandi, ƙasar Faransa, bayan dagar Jamusawa. Duhu da gajimare suka watsa su. Wasu suka faɗa cikin fadamun da Jamusawa suka cika da ruwa, kaya suka yi musu nauyi, suka nutse.

Mu ma a Nijar muna da sojan laima, kuma ɗaya daga cikinsu har ya mulki ƙasa. Shi ne Ibrahim Ba'are Mainasara. An haife shi a 1949. Asalinsa Arewa ce, ƙasar Dogon Dutsi. Ya yi karatun hafsa a tsibirin Madagaska. Ran 15 ga Afrilu 1974, lokacin babban fari, soja suka tuɓe Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Ba'are, yana saurayi, ya zama dogarin Kunce. A 1976 aka ba shi askarawan fadar shugaban ƙasa. A 1978 ya zama shugaban rundunar sojan laima ta Yamai, ya riƙe ta har 1984. Daga baya ya yi ministan kiwon lafiya, ya yi jakada a Aljeriya. A 1995 ya zama babban hafsan sojan ƙasa.

Lokacin nan shugaba Mahamane Usman da firaminista Hama Amadu ba sa ga maciji. Aikin gwamnati ya tsaya. Ran 27 ga Janairu 1996 Ba'are ya ƙwace mulki. Wasu suka yi murna don sun gaji da rigimar. Amma a watan Yuli da aka yi zaɓe, shi ma ya tsaya. Ana cikin ƙirga, ya rushe hukumar zaɓe, ya kafa wata. Ita ta ce ya ci. A ganina nan ya yi kuskure babba. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun bar gona ana damina, sun bi layi, sun jefa ƙuri'a. Ba su cancanci haka ba.

Ran Juma'a 9 ga Afrilu 1999, a filin jirgin Yamai, yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu, aka harbe shi. Ba abokan gaba ne daga waje ba. Askarawan da ke tsaronsa ne, rundunar da shi kansa ya taɓa riƙewa. Firaminista na lokacin ya faɗa a rediyo wai mummunan hatsari ne. Bayan kwana 2, shugaban askarawan, Dauda Malam Wanke, ya hau kujera. Tsarin mulkin da aka rubuta a shekarar ya yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999. Iyalinsa suka yi ta neman shari'a, har suka kai kotun CEDEAO da ke Abuja, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. A 2015 kotun ta ce ƙasa ta biya su sefa miliyan 435.

Dattijon ya yi shiru. Can ya ce: "Ashe ba laimar ta kashe shi ba." Na ce a'a, Baba, duk dirar da ya yi ya sauka da ransa. Ya ce to zai yi shawara da uwar yaron, kuma sai an gama ɗaure hatsi zai aika masa da amsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.