A rumbun Dumega ya kamata a auna darajar masanin tattalin arzikin noma

Kowace kaka labarin ɗaya ne a Dumega da sauran garuruwan Arewa da ke bin fadamar Dallol Mawri a Nijar. Hatsi da wake su cika kasuwa, tiya ta faɗi warwas, magidanci ya kwashi abin da ya noma ya sayar don ya biya bashin damina, ya yi wa yara sutura, ya aurar da 'ya. Bayan wata shida ko bakwai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma shuka ta matso, shi ɗin ne zai koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya rabu da shi, da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa nesa ba kusa ba. Masana tattalin arzikin noma sun san wannan matsala ciki da waje. An rubuta kundayen digiri a kanta da Faransanci da Ingilishi, wasu sun zama farfesoshi ta dalilinta. Sai dai kaɗan ne daga abin da aka gano ke komawa zauren da aka zauna aka cika takardun tambayoyi. A ganina bincike irin wannan bai kammala ba sai ya komo wurin masu shi, kuma tsarin da ke ƙara wa malaman jami'a girma ya kamata ya riƙa lissafa wannan komowar.

Matashin da ya gama karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ya samu aikin koyarwa ko ya shiga INRAN, cibiyar binciken noma da aka kafa a 1975, ya san tsanin da zai hau. Hukumar CAMES, wadda ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka kafa a 1968, ita ke duba takardunsa, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne maƙalolin da ya buga a mujallun kimiyya da ɗaliban da ya yaye. Wata ukun da zai kwashe yana zagaya ƙauyukan yankin Dumega yana bayyana wa ƙungiyoyin manoma abin da ya gano da wuya su ɗaga shi ko taki ɗaya. Ba na ganin laifin mutum idan ya bi inda ladan yake, domin shi ma yana da iyali. Tsarin ne ya koya masa cewa ƙauye wurin ɗibar alƙaluma ne, da ya ɗiba sai ya kama hanyar birni.

Tarihin wannan fanni a ƙasar Hausa ya nuna inda ilimi mai nauyi ke fitowa. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya duƙufa kan ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ma'aikatansa na bin gidaje suna rubuta aikin gona da abin da aka samu. A lokacin malaman gona na yi wa manomi kallon mai taurin kai saboda yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Alƙaluman suka nuna manomin ne ke da gaskiya: haɗin ya fi ba da riba a kan aikin da ake zubawa lokacin noman ciyawa, sa'ad da hannu ke ƙaranci, kuma ya fi tsare gida daga asara idan ruwa ya yi gardama. Wannan aiki ya taimaka wajen sauya yadda ake binciken noma a ƙasashe da dama. Polly Hill ma a Batagarawa ta zauna, kusa da Katsina, kafin ta fitar da littafinta na 1972 da ya nuna cewa talauci da wadata a ƙauye ɗaya suna da alaƙa da wanda ke iya riƙe hatsinsa da wanda dole ta sa ya sayar. Sunan su biyun ya yi nisa ne saboda sun daɗe a ƙasa suna sauraro.

Akwai kuma abin da manomin Dumega zai iya taɓawa da hannunsa. Buhun nan mai ciki uku na ajiyar wake, wanda ke toshe iska har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, ya fito ne daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masana irin su Ibrahim Baoua a Maraɗi, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007. Masana ƙwari ne suka tabbatar yana aiki, amma abin da ya sa ya shiga gidaje lissafin tattalin arziki ne: nawa za a sayar da shi, wane ɗan kasuwa zai ajiye shi kusa da manomi, ribar nawa mace za ta samu idan ta riƙe wakenta zuwa bazara. An je dubban ƙauyuka an ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni aka komo aka kwance shi kowa ya gani. Haka warantaji, da shirin hukumar FAO ya yaɗa a Nijar daga ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiya ta zuba amfaninta a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta ɗaya a hannun asusun bashi, ta karɓi rance ta yi kiwo ko lambu, in farashi ya tashi ta biya ta ɗauki kayanta. Dabarar ta tunkari ainihin ciwon kaka. Tana da rauninta, domin akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda aka zata, sai kuɗin ruwa da na ajiya su cinye ribar, kuma a nan ne ake bukatar masanin da ya san kasuwannin yankin ya zauna da ƙungiya su yi lissafi kafin a rufe sito.

Za a ce kowa da aikinsa, masani ya gano, malamin gona ya kai. Da maganar ta zauna in da malaman gona sun wadata, amma kowa ya san mutum ɗaya ne ke riƙe da ƙauyuka masu yawa, sau tari ba shi da man babur. Ko da sun wadata, maƙala mai cike da lissafi da aka buga a Turai ba abin da zai ɗauka ya karanta a dandali ba ne, sai wanda ya rubuta ta ya warware ta. Komawar kuma tana gyara binciken kansa. Manomin da aka karanta wa sakamako zai ce a nan kun yi kuskure, gonar da kuka lissafa ta maigida gayaunar matarsa ce, kuɗin da kuka ce na wake ne ɗansa ya aiko daga ci-rani.

Wata suka da ta fi wannan ƙarfi ita ce, idan aka sassauta ma'aunin mujallu za a buɗe ƙofa ga son kai, kowa ya kawo hoton taro ya ce ya yi tasiri. Tsoron yana da tushe, kuma ban ce a taɓa sharaɗin bugawa ba. Tace aiki da masana ke yi wa junansu shi ke hana a sayar wa manomi ƙarya da sunan kimiyya. Amma tasiri ma ana iya auna shi, kuma auna shi sana'ar waɗannan masana ce. Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006 ta nuna cewa shigowar wayar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Fannin da ya iya gano wannan ba zai kasa ƙirga gidaje nawa suka ɗauki wata dabara bayan shekara uku ba, ko wace doka ce ta sauya saboda wani rahoto.

Su ma tambayoyin da ake bincike a kansu, yawanci mai ba da kuɗi ne daga waje ke zaɓar su, shi ya sa abin da ke ci wa mutanen Dumega tuwo a ƙwarya ba ya samun mai dubawa. Garin yana kusa da iyakar jihar Kebbi, ciniki da naira da sefa ake yi. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, naira kuma ta zube a tsakani. Me wannan ya yi wa mai wake, da mai rago, da matar da ke matsar man gyaɗa tana soya ƙuliƙuli? A fadamar da ruwa ke kusa, wa ke da ikon yin lambun rani, mai gona ko mai aro, kuma me hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suke yi idan rigima ta tashi? Ƙaramin kuɗi daga baitulmalin ƙasa ya isa ya ajiye ɗalibai biyu a yankin shekara guda suna bin waɗannan.

Gyaran da nake nema ba ya bukatar sabon gini. Kundin da aka tattara bayanansa a ƙauye kada jami'a ta karɓe shi sai da taƙaitawa ta shafi biyu cikin harshen mutanen wurin, da shaidar an koma an karanta musu. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, uzurin barin sakamako cikin Faransanci kaɗai ya ƙara raguwa. Wakilan Nijar a CAMES su nemi a ware maki ga aikin da aka tabbatar ya isa gona ko ya sauya doka. Hanyoyin isarwa suna nan: gidajen rediyon karkara, da RECA mai amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp, da SIMA mai tattara farashin kasuwanni. Hukumomin garin Dumega da shugabannin ƙungiyoyin manoma su ma suna da abin yi tun yau. Duk mai binciken da ya zo neman izinin shiga gidaje, su tambaye shi ranar da zai komo da sakamako, su rubuta ranar a littafin ma'aikata kafin ya fara tambayar farko.